Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Kan Sabon Maganin Dajin Hanji Da Na Hanta

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina addu'ar Allah ya taya ka riƙon nauyin da ke wuyanka.

Na rubuto ne a kan wani magani da ya sauya yadda ake jinyar ciwon daji a duniya cikin 'yan shekarun nan, wanda har yau masu dajin hanji da yawa a Arewa ke rasuwa ba tare da an duba ko zai yi musu aiki ba. Shi ne maganin da ke zaburar da garkuwar jikin mutum ta yaƙi cutar da kanta. Roƙona guda ɗaya ne, sauran duk daga shi suka fito: duk wanda aka tabbatar yana da dajin babban hanji ko na dubura a asibitin gwamnati, a yi wa tsokarsa gwajin da ke nuna ko yana cikin waɗanda wannan magani ke yi wa aiki. Idan kuwa yana ciki, kada rashin kuɗi ya raba shi da shi.

Ka fi ni sanin yadda maganin ke aiki, ranka ya daɗe, amma tunda wasiƙar a buɗe take, bari in yi bayani saboda sauran masu karatu. A cikin jinin ɗan Adam akwai wasu fararen ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin T. Aikinsu su gano duk abin da ya saɓa wa jiki su kashe shi. Da an bar su ba iyaka, da sun far wa jikin da kansa, don haka Allah ya yi musu dabaibayi da ke tsayar da su idan aiki ya ƙare. Ciwon daji yakan ci moriyar wannan dabaibayin. Yana fitar da wani sinadari mai suna PD-L1, wanda da zarar ya haɗu da PD-1 da ke jikin ƙwayar T, sai ta tsaya cik, ga cuta a gabanta amma ta kasa taɓa ta. Magungunan da nake magana a kai kwance dabaibayin suke yi. Su da kansu ba sa kashe daji kamar yadda kemo, wato maganin dajin da aka saba bayarwa, ke yi, jikin majinyacin ne ke yin aikin. Tasuku Honjo na Jami'ar Kiyoto a Japan shi ya gano PD-1 a 1992, James Allison na Amurka kuma ya yi aiki a kan ɗan'uwansa CTLA-4, su biyun suka raba kyautar Nobel ta likitanci a 2018. Maganin farko na wannan jinsi ya samu izini a Amurka a 2011 don dajin fata, sai pembrolizumab da nivolumab suka biyo baya a 2014.

Da aka fara gwada su a kan dajin hanji, sakamakon bai yi armashi ba, kusan kowa bai amfana ba. Sai masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka lura cewa 'yan kaɗan ɗin da suka amfana akwai abin da ya haɗa su. Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu sai ta kwafi bayanan gadon da ke cikinta, kuma akwai wasu sinadarai da ke bin baya suna gyara kurakuran da aka yi wajen kwafar. A jikin wasu majinyata wannan gyara ya lalace. Kurakurai sai su taru jingim, ƙwayar dajin ta fita daban ƙwarai da sauran ƙwayoyin jiki, garkuwar jiki ta gane ta ba wuya. Irin wannan daji shi likitoci ke rubuta wa dMMR ko MSI-H a takardar gwaji. A rahoton da suka fitar a 2015, cikin masu dajin hanji 10 da ke da wannan alama, dajin mutum 4 ya motse sosai da pembrolizumab. Cikin 18 da ba su da ita, ko mutum ɗaya. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izinin maganin ga duk dajin da ke da wannan alama, ko a wace gaɓa ya fito, abin da ba ta taɓa yi wa wani maganin daji ba kafin nan.

Babban gwajin da ya biyo baya, mai suna KEYNOTE-177, ya ƙunshi mutum 307 da dajin hanjinsu ya riga ya bazu, dukkansu masu wannan alama. Waɗanda aka ba kemo sun samu matsakaicin wata 8.2 kafin cutar ta ci gaba. Waɗanda aka ba pembrolizumab sun samu wata 16.5. Munanan illolin magani sun kama kashi 66 cikin ɗari na masu kemo, a ɗaya ɓangaren kashi 22. Duk wanda ya taɓa jinyar mai shan kemo, ya riƙe masa roba yana amai, ya ga bakinsa ya yi gyambo har ruwa ba ya haɗiyuwa, ya san abin da wannan bambanci ke nufi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na dajin dubura. A 2022 likitoci a asibitin daji na Memorial Sloan Kettering da ke birnin Niyok suka ba da rahoton mutum 12 masu dajin dubura mai alamar dMMR, wanda bai kai ga bazuwa nesa ba. An riƙa ƙara musu ruwan wani magani mai suna dostarlimab sau ɗaya duk mako uku har wata shida. Da aka sake dubawa, a jikin dukkan su 12 ba a ga dajin ba, ba a hoto ba, ba a kyamarar da ake zurawa ba. Ba a yi musu tiyata ba, ba a gasa musu wurin da na'ura ba, ba su sha kemo ba. A 2025 adadin waɗanda suka kammala maganin ya kai 49, kuma sakamakon bai canza ba. A ƙasashen Turawa masu irin wannan alama ba su da yawa, ba su cika wuce ɗaya cikin goma na masu dajin dubura ba.

A nan maganar ta shafe mu kai tsaye. A 2021 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tare da abokan aikinsu na wancan asibiti na Niyok suka wallafa bincike a kan tsokar 'yan Najeriya masu dajin hanji. Sun samu alamar MSI-H a kashi 28 cikin ɗari na tsokokin da suka duba. A asibitin Niyok kashi 8.5 ne, a wani babban kundin bayanan daji na Amurka kuma kashi 14. Sun kuma ga cewa namu majinyatan sun fi ƙarancin shekaru, kuma rabinsu a dubura dajin yake. Tsokokin da aka duba 64 ne kacal, don haka ana buƙatar a maimaita aikin da mutane masu yawa, har da na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Amma ko a haka, ranka ya daɗe, wannan ba labarin da za a karanta a ajiye ba ne. Idan adadin ya tabbata, to fiye da mutum ɗaya cikin huɗu da ke kwance da dajin hanji a asibitocinmu yana ɗauke da irin dajin da wannan magani ya fi yi wa aiki a duk duniya. Mu da binciken ya nuna mun fi su yawan masu dacewa da maganin, mu ne muka fi nisa da shi.

Bari in faɗi yadda mai dajin dubura ke isowa asibiti a wajenmu, domin daga nan za a gane abin da ake asara. Mutum ya fara ganin jini a bahayarsa, sai kowa ya ce basir ne. Ya sayi maganin basir wajen mai mota da lasifika a kasuwa, ya sha saiwa, ya yi tsuguno a ruwan ɗumi. Bahaya ya riƙa fita siriri, ko ya ji kamar bai gama ba, sai a ce atini ne, a ba shi Flagyl. Kunya ta hana shi bari a duba wurin. Wata da watanni suna wucewa, yana ramewa, wando yana zamewa daga ƙugu. Ranar da ya isa gaban likitan tiyata, aka sa yatsa aka ji ƙullutu, sai a gaya masa za a yanke ƙarshen hanjin, a huda gefen cikinsa, a maƙala jakar da bahaya zai riƙa zuba a ciki, wataƙila har ƙarshen rayuwarsa. Na zauna da magidancin da aka gaya wa haka. Bai tambayi ko zai rayu ba. Tambayarsa ita ce yaya zai yi da alwala, yaya zai shiga sahu da jaka a jikinsa, wa zai yarda ya zauna kusa da shi. Malamai sun yi bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai irin wannan lalura, kuma tiyatar tana ceton rai, ban rubuto don in kushe ta ba. Sai dai mutane da dama da sun ji maganar jaka sai su ce za su je gida su yi shawara, shi ke nan an rabu. A gida kuma ga masu cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Sai ya dawo asibiti a ranga-ranga, hanji ya toshe, lokacin da ba abin da ya rage sai rage raɗaɗi. Cikin waɗannan da suka gudu akwai waɗanda da an gwada tsokarsu, da an iya ce musu akwai ƙarin ruwa na wata shida da zai iya hana a kai ga yanka. Wannan magana kaɗai za ta zaunar da mutane da yawa a asibiti, har da waɗanda a ƙarshe tiyatar ce mafitarsu.

Gwajin kuwa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Tsokar da aka riga aka gutsuro don tabbatar da cutar, ita ɗin dai za a yanka falle-falle, a zuba mata sinadaran rini guda huɗu masu nuna MLH1 da MSH2 da MSH6 da PMS2, wato sinadaran nan masu gyara kurakuran kwafa, likitan duba tsoka ya leƙa a madubinsa ya ga wanne ne babu. Irin dabarar ce da ake amfani da ita wajen tantance nau'in dajin mama, kuma ɗakunan gwaji na asibitocin koyarwa sun san ta. Abin da ke kawo cikas shi ne sinadaran su kasance a ajiye kullum, firji ya samu wuta, a samu ma'aikacin da zai yi. Idan babu, sai a miƙa wa ɗan'uwan majinyaci ɗan dunƙulen kakin da tsokar ke ciki, wanda bai kai kwalin ashana ba, a ce ya nemi inda za a yi. Na ga an naɗe irinsa a ambulan, an manna salatif, an kai tasha an ba direban motar dare, ana roƙonsa kada ya ajiye kusa da inji don kada kakin ya narke. Sai a zauna jiran sakamako mako da makonni, ga kuɗin da ba kowa ke da shi ba. Mafi yawa ma ba a gaya musu akwai gwajin ba, domin likitan ya san ko an yi babu kuɗin maganin, yana ganin gara kada ya sa musu rai.

Ina roƙon ma'aikatarka, tare da cibiyar NICRAT da aka ɗora wa alhakin bincike da jinyar daji a ƙasa, ku mayar da wannan gwaji wajibi a kan duk tsokar dajin hanji, a yi shi kai tsaye ba sai likita ya sake rubutawa ba, kuma kuɗinsa ya hau kan gwamnati. A fara da Shika da Malam Aminu Kano da asibitocin koyarwa na Sakkwato da Maiduguri da Gombe da Jos, da sabuwar cibiyar daji da aka buɗe a Katsina a 2025, wadda muka yi murna da ita ƙwarai, mu da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke tsallakowa neman magani. Ƙananan asibitoci su riƙa aika tsoka ta hanyar da hukuma ta tsara. Amfanin gwajin bai tsaya kan majinyaci ba. Wani kaso na masu wannan alama gadonta suka yi, abin da likitoci ke kira ciwon Lynch, kuma duk ɗan da mai shi ya haifa yana da rabin yiwuwar ɗauka. A gidan da mutum ke da 'ya'ya goma sha, ga 'yan'uwa shaƙiƙai, sakamakon gwaji ɗaya zai iya sa a fara duba hanjin mutane da yawa tun suna da ƙuruciya, a cire tsiro kafin ya rikiɗe. Matan gidan kuma a sa ido a kan dajin mahaifa, domin shi ma yana bin wannan gado.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ita ce za a fara kawo mini. A farashin Amurka, ƙarin ruwa ɗaya na pembrolizumab ya haura dala 10,000, ana yi duk mako uku, wani lokaci har shekara biyu. Idan dala tana wajen naira 1,500, mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya tara albashinsa na fiye da shekara 17 bai ci bai sha ba kafin ya biya sau ɗaya. Ko an rage farashin a nan, ya fi ƙarfin gidan da ke hannu baka hannu ƙwarya, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita. Kamfanin Merck ya sayar da wannan magani, wanda yake kira Keytruda, na kusan dala biliyan 30 a 2024 kaɗai. Kasuwar Najeriya ba ta cikin lissafin ribarsa, saboda haka ba abin da zai rasa idan ya sayar mana da rahusa mai yawa. Sai dai majinyaci ɗaya ba zai iya yin wannan ciniki ba, asibiti ɗaya ma ba zai iya ba. Gwamnati ce za ta zauna da su, da adadin majinyata a hannunta, kuma wannan adadi daga gwajin da nake roƙo zai fito.

Kuna da hujja a hannu. A watan Satumba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya pembrolizumab cikin jerin magungunan da ta ce ya kamata kowace ƙasa ta tanada, kuma dajin hanji mai wannan alama yana cikin cututtukan da ta ambata. A shigar da shi jerin namu na ƙasa da wannan sharaɗi. Hukumar inshorar lafiya ta NHIA ta riga ta gwada tsarin raba kuɗi da kamfanin Roche, inda kamfani ke ɗaukar rabi, hukuma kashi 30, majinyaci kashi 20. Tsari ne mai kyau, sai dai kashi 20 na miliyoyi har yanzu gona ce ko gida. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da aka fara a 2021 ya soma ne da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Dajin hanji shi ke biye da waɗannan uku a yawa, a ƙasar da aka ƙiyasta sababbin masu daji kusan 128,000 da rasuwar kusan 80,000 a 2022. Ya cancanci cikakken gurbi a asusun.

Akwai kuma hanyoyin rage kuɗin da ba sai an jira kamfani ba. Da farko an ba da izinin pembrolizumab ne bisa nauyin mutum, miligiram 2 ga kowane kilo, daga baya aka mayar da shi miligiram 200 ga kowa. Kwalbar tana ɗauke da 100. Majinyacinmu da cuta ta cinye, mai kilo 50, a lissafin farko kwalba ɗaya ta ishe shi, amma biyu ake sa shi saya. Idan aka tara masu karɓa a rana ɗaya a cibiya ɗaya, ko ragowar kwalba ba za ta tafi a banza ba. A asibitin Tata da ke Mumbai a Indiya sun gwada nivolumab miligiram 20 kacal duk mako uku, maimakon 240 duk mako biyu da aka saba, a kan masu dajin baki da maƙogwaro, a haɗe da magunguna masu araha. Waɗanda suka kai shekara a raye suka tashi daga kashi 16 zuwa kashi 43. Wannan a kan wani daji ne daban, ba za a ɗauko shi a ɗora wa hanji haka nan ba, amma irin tambayar ce da ya kamata likitocinmu su samu kuɗin binciken ta, a asibitocin Arewa da na Kudu baki ɗaya. Kamfanonin Sin ma sun fitar da nasu magungunan na wannan jinsi, irin su tislelizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2024 don dajin hanyar abinci. Haƙƙin mallakar Keytruda zai fara ƙarewa a 2028, ya kamata NAFDAC ta kasance a shirye ta tantance makamantansa da zarar sun fito.

Ban so a karanta wannan wasiƙa a ɗauka an samu maganin duk wani dajin ciki. A sauran gaɓoɓin amfanin ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A dajin tumbi, ƙara nivolumab a kan kemo ya ɗaga matsakaicin rayuwa daga wata 11 zuwa wata 14 da 'yan kwanaki, shi ma ga waɗanda gwaji ya nuna sun fi dacewa. A dajin hanyar matsarmama, durvalumab ya ƙara abin da bai kai wata biyu ba a matsakaici. Dajin fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin, kusan ba ya jin waɗannan magunguna. Dajin hanjin da ba shi da alamar dMMR, wanda shi ne mafi yawa, haka. Ko a cikin masu alamar, a gwajin KEYNOTE-177 kusan uku cikin goma cutarsu ta ci gaba duk da maganin. Wata uku a wajen mai rai ba abin rainawa ba ne, amma haƙƙin iyali ne a gaya musu gaskiyar abin da za su saya kafin su sayar da gonar gado. Ana samun gidajen da aka ce musu ga sabuwar allura daga waje, suka tattara abin da suka mallaka, suka biya sau biyu ko uku, kuɗi ya ƙare, ba a taɓa gwada tsokar ba. Wannan zalunci ne, ko da wanda ya yi bai yi nufin haka ba. A fitar da ƙa'ida a rubuce, ta hau kan asibitin gwamnati da na kuɗi, cewa ba za a ɗora wa mai dajin hanji wannan magani ba sai da sakamakon gwaji a fayil ɗinsa.

Dajin hanta kuwa nasa lissafin daban ne, kuma ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin samari da magidanta yake ɗauka. Haɗin atezolizumab da bevacizumab ya ɗaga matsakaicin rayuwa zuwa wata 19, a kan wata 13 na tsohon magani sorafenib. Ci gaba ne na gaske. Amma waɗanda aka yi gwajin da su masu sauran ƙarfin hanta ne. Namu kan zo ne ciki ya cika da ruwa, ido ya yi shawara, ƙafa ta kumbura, lokacin da hantar ba za ta iya ɗaukar maganin ba. Ga shi kafin a ba da bevacizumab sai an zura kyamara an duba jijiyoyin hanyar abinci saboda haɗarin aman jini. A nan, ranka ya daɗe, kuɗin kwalba ɗaya zai fi ceton rai idan aka kai shi baya, inda cutar ke farawa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma yawancinsu ba su sani ba. Allurar rigakafinsa tana cikin jadawalin yara tun 2004, amma wadda ta fi muhimmanci ita ce ta awa 24 na farko bayan haihuwa, mu kuwa yawancin matan karkara a gida suke haihuwa, jariri ba ya fita sai bayan suna. Sai an bi su gida da allurar, ta hannun ma'aikatan unguwa da ungozoma. A gwada mata masu ciki. Wanda ke buƙatar tenofovir ya same shi da sauƙi kamar yadda masu cuta mai karya garkuwar jiki ke samu, tunda maganin ɗaya ne. Mai ɗauke da cutar a riƙa yi masa hoton hanta duk wata shida, ta haka ne za a kama dajin yana ƙarami, lokacin da tiyata ko sabon maganin zai yi amfani. Sai kuma gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, waɗanda gubarsu ke haɗuwa da ciwon hanta ta ninka haɗarin. Wannan sai kun haɗa hannu da ma'aikatar gona.

Idan maganin ya shigo, shigowarsa ma tana da nata haɗari. Garkuwar jikin da aka saki takan far wa lafiyayyun gaɓoɓi: hanji ya kumbura a yi ta gudawa, huhu ya kumbura a yi ta tari, hanta ta taɓu, maƙoƙo ya daina aiki yadda ya kamata, wani ma ciwon suga ya same shi farat ɗaya. Maganin yawancin waɗannan shi ne a dakatar da ƙarin ruwan a ba da prednisolone da wuri. Amma majinyacin da ya karɓi ruwansa a Kano ya koma ƙauye, gudawa ta kama shi bayan mako biyar, ina zai je? Kemis zai je, ko ƙaramin asibiti, a ce taifot ne, a yi ta ɗura masa maganin ƙwayoyin cuta har hanjin ya huje. Mai tari a ce tarin fuka ne. Tarin fukan na gaske da ciwon hanta nau'in B kuma suna nan da yawa a cikinmu, dole a bincika su kafin a fara. Kowane majinyaci a ba shi kati da Hausa, da boko da ajami, mai bayanin maganin da yake karɓa da alamomin da za su sa ya dawo da gaggawa, da lambar wayar da za a ɗauka ko da tsakar dare ne.

Maganin kansa sai an ajiye shi a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, daga masana'anta har jijiyar majinyaci. Wanda aka sayo a jaka daga hannun ɗan kasuwa, ya kwana a filin jirgi, ya yini a but ɗin mota a zafin Afrilu, ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ya rage a cikinsa. Ga jabu. A ƙarshen 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun durvalumab da aka kama a wasu ƙasashe, wanda da aka gwada babu sinadarin maganin a ciki sam. Duk abin da kwalbarsa ta kai miliyoyi, masu jabu za su bi shi. Idan gwamnati ce ta saya kai tsaye daga kamfani, ta ajiye a kantin maganin cibiyoyin daji masu wutar sola, aka hana a rubuta wa majinyaci takarda a ce ya je ya nemo a gari, an toshe wannan ƙofa.

Ina roƙon a sa kuɗin sinadaran gwajin nan huɗu a kasafin kuɗi mai zuwa, da sunansu, a kan layinsu na kansu, don kada su narke cikin wani babban kaso. A kuma umarci kowace cibiya ta riƙa rubuta adadin tsokokin da ta gwada da adadin masu alamar, ta aika wa NICRAT duk wata uku, a wallafa kowa ya gani. Cikin shekara ɗaya za ku san yawan mutanen da ake magana a kansu, jiha jiha, kuma da wannan takarda za ku shiga ɗakin ciniki da kamfanonin magani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yi maka jagora.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan ƙasa mai jinya, daga Arewa